Gurguzu a Cikin Kwantena

Yau kwana tara ina zaman jira a Apapa.
Kwantenata na bayan katanga, an ɗora mata 'yan'uwa uku,
ruwan sama ya jiƙa takardun kwastan a aljihuna.
Rasaki ejan ya ce gobe. Jiya ma gobe ya ce.

A cikinta akwai silifas dozin dubu biyu,
da cajar waya, da tocila mai shan rana,
duk daga ƙasar da babana ke kira aljannar leburori.

Sallau sunansa, mai fitila a tashar jirgin Iddo.
Shekara talatin yana ɗaga ja, yana ɗaga kore,
amma jan ya fi kwanta masa a rai.
A ɗakinmu na Ebute Meta, ƙarƙashin katifa,
ya ɓoye mujallun da ƙungiya ta raba musu:
mata a kan tarakta suna dariya, alkama har ƙugu.
Yakan ce, "Tanimu, can babu ubangida, babu bara.
Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya,
ba a tayi, ba a sallamawa."
Inna na tsince tsakuwa a shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba:
"To, wa ke wanke tukunyar?"

Ya rasu fanshonsa na kan hanya.

Na je can bara, Baba.
Na ga jan tutar da idona a ƙolin bene,
ƙarƙashinta kasuwa ce hawa bakwai,
Balogun a gabanta 'yar tireda ce.
Wata Madam Ciyan, da ɗan jan bajo a ƙirji,
ta buga lamba ta turo mini kalkuleta.
Na goge, na buga tawa.
Ta dafe kai kamar an yi mata rasuwa.
Awa biyu babu harshen da ya haɗa mu
sai yatsa da lamba,
kuma ko fataken goro na Agege ba su taɓa matse ni haka ba.
Da muka daidaita ta zuba mini shayi babu sukari.

Na tambayi tafinta, wani ɗan Damagaram mai karatu a can:
ina tukunya ɗayan?
Ya ce tana nan. Hukuma ke riƙe da murhu da itace,
ƙasa tata ce, manyan bankuna nata,
kai dai zo da ludayinka, in ka iya ƙera babba.
Sai dai kada ka ɗaga wa mai hura wutar murya.

Ni gurguzun da na fara sani
na kaka ne a Ɓagwai, tana gurzar auduga,
fari gefe guda, ƙwaya gefe guda.
Su ba su raba ba. Da ƙwayar suka kaɗa zare,
suka saƙa, suka ɗinka,
mu muka je muka taya.

Ban sani ba ko amanarka suka ci,
ko yunwa ce ta biya musu karatun da babu a mujalla.
Na hau jirginsu, kafin in gyara zama mun isa,
na duba tasha kaf, babu mai fitila.
Na kuma leƙa bayan masana'antar silifas ɗin nan nawa,
'yan ƙauye takwas a ɗaki, safa na shanye a taga.

Nan Legas murhun ba shi da mai shi.
Kowa da janaretansa, kowa da rijiyarsa,
kowa da ɗan sandan da ya sani.
Ga Rasaki ya dawo, kuɗin ajiya sun ƙaru.
Na ƙirga masa.
Na tsaya wurin Iya Mosun mai gasasshiyar masara,
ta ce ɗari biyar, na ce uku,
ta dube ni, ta dubi hadari, ta ce kawo.

Fitilarka na rataye a shagona na Alaba Rago.
Koren gilashin ya fashe, jan yana nan.
Ran Asabar wani ya taya ta, Baba.
Ban sallama ba.
Amma na ji bakina yana tambayarsa
nawa zai ƙara.